Shekarar da Aka Ƙona Wuraren da Ban Faɗi Ba

Da sunan Allah, wanda yake ba da lafiya, yake kuma jarraba bawansa da rashinta. Ku 'ya'yana, kun san sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka rubutuna a hankali yake tafiya. Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Kun sha jin guntattakin maganganu a kan abin da ya shiga tsakanina da gidan Sarkin Noma Garba a shekarun fari. Ina so ku ji shi daga gare ni, tunda yawancin waɗanda suka gani da idonsu sun rasu.

Shekara biyu da aurena da innarku Hajara, sanƙarau ya kwantar da ni da bazara. Na tashi, amma ya bar mini farfaɗiya. A ƙauyenmu, can tsakanin Bagwai da Shanono, inda gona take manne da gona har ba ka ganin daji, kowa ya yarda cewa ana ɗaukar ciwon nan ta kumfar bakin mai shi. In mutum ya faɗi sai a ja da baya, a bar shi ya farfaɗo da kansa. In ya tashi ya tafi, sai a tara kara da yayi a wurin a cinna wuta, don kada wani ya taka ko akuya ta lasa. Ni kuwa ba na sanin lokacin da nake faɗuwa. Ina cikin tafiya, ko ina tsakiyar magana, sai kawai in buɗe ido in ga sama. Harshena yana zogi, ƙasa cike da kunnena, babu kowa kusa, hatta kajin da na bari suna tono sun watse. Washegari in na bi ta wurin sai in tarar da baƙar ƙuna a ƙasa, zagayayya, kamar faɗin ƙaramar tabarma. Da su nake sanin inda na faɗi. Akwai ɗaya a bakin rijiya, ɗaya a bayan masallaci, ɗaya a gindin kukar da ke hanyar kasuwa. Lokacin da ruwa yake sauka sosai, damina ɗaya take wanke su. Da fari ya zo sai suka zauna daram, suna ƙaruwa, mutane suna ratse su in sun zo wucewa.

A cikin gidanmu ma ba a tsira ba. Kakarku, wato mahaifiyata, tana ƙonawa tana hawaye. Innarku kuwa tun farko ta ƙi. In na faɗi a tsakar gida, kafin tsohuwa ta ɗebo garwashi ta riga ta share wurin ta shimfiɗa tabarma ta zauna a kai. Na sha farfaɗowa in ji muryoyinsu a kaina, ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Wata rana na ji innarku tana cewa:

"Inna, yau shekara uku da bakin zanina nake share masa baki. In da ana ɗauka, ai da tuni ni ma kin cinna mini wuta."

Kakarku ta ce mata yarinya ce, ba ta san duniya ba, Allah ne kawai yake rufa mata asiri. Ba su taɓa shiryawa a kan wannan ba har tsohuwa ta rasu.

A waje, mutum ɗaya ne yake mini wasa da abin, Tanko, taubashina, wanda gonarsa take iyaka da tawa. In muka wuce wata ƙuna sai ya nuna ta da haɓa ya ce duk garin nan babu mai yawan filaye kamar Iro, wato ni, ga guda a rijiya, ga guda a masallaci, saura a kai shi ƙara wurin dagaci. Ina jin daɗin wasan nasa, domin shi kaɗai ne yake ambaton abin a gabana. Amma shi ma ba ya shan ruwa a gorata.

Shekarar da nake ba ku labari, shuka biyu ta ƙone. Ta uku da irin ƙarshe muka yi ta, wanda mata suka kakkaɓo daga gindin rumbu. Ruwa ya ɗan samu, gero ya fito, ciyawa ma ta fito tare da shi, ta fi shi ƙarfi. Samari da yawa sun tafi cin rani ba su dawo ba. Mu da muka rage, tafasa da rama muke ci, in mutum ya yi kunya biyar sai idonsa ya yi duhu. Babu wanda zai iya nome gonarsa shi kaɗai kafin ciyawa ta shaƙe geron. Sai aka koma gayya, amma gayya ba ganga ba tuwo: yau a taru a gonar wane, gobe a ta wane, kowa ya zo da fartanyarsa da ruwansa. Wanda ya yi wa mutane aiki shi ake yi wa. Sarkin Noma Garba ne yake tsara wanda za a fara da wanda zai biyo. Baba muke ce masa. Dogon dattijo ne mai kakkausar murya, in ya tsaya a bakin gona ya ce a sunkuya, ko mai jin yunwa sai ya sunkuya. Da ranin shekarar ya faɗo daga kan gawo yana saro wa awakinsa ganye, ya yi kwana biyu bai san inda yake ba, sannan ya miƙe ya ci gaba da harkarsa. Shi ne tun farkon ciwona ya tsaya mini, ya ce a bar ni a gayya, a ba ni kunyar ƙarshe ta gefe. An sa ranar gonata bayan ta Tanko.

Ana cikin haka sai ƙuna ta fara bayyana a wuraren da ban san na je ba. Ta farko a hanyar arewa, wadda rabona da ita tun girbin bara. Ta biyu a bayan rumbunan unguwar gabas. Mutane suka ce ciwon Iro ya tsananta, yanzu har yawo yake sa shi. Ni ma na yarda, domin wanda ba ya tuna faɗuwarsa da me zai musa? Sai in je in tsaya a bakin ƙunar ina neman wani abu da zan tuna, in rasa. Wata rana na sa tafin hannuna a tokar na ji ta da ɗumi, alhali tun safe ina gida ina gyaran ƙotar fartanya. Na bi gida-gida ina tambaya cikin ladabi wa ya ƙona. Kowa ya ce shi ma haka ya tarar. Babu wanda ya ga faɗuwar, babu wanda ya ga mai cinna wutar. Na fara jin kamar akwai wani Iro a garin, mai kamata da rigata, da yake fita in na juya baya, ya je ya faɗi inda ba na nan. In na hango mutum daga nesa a kan hanya, da tsakar rana, sai in tsaya har sai na tabbata ba ni ba ne. Na daina duba cikin rijiya in ina jan ruwa.

Innarku ce ta gaji. Ta ce za ta bi ni duk inda na sa ƙafa, ko bayan gida na shiga tana tsaye a ƙofa. Kwana uku ta yi haka. A rana ta uku da yamma aka zo ana cewa ga sabuwa can a hanyar arewa, har yanzu tana hayaƙi. Ta dube ni ta ce:

"Malam, ba kai ba ne."

Na ɗauka zan ji sanyi a raina. Sai tsoron ya ƙaru, domin in ba ni ba ne, to wane ne?

Kafin mu yi wani abu, ranar Juma'a bayan an sauko, aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Wasu suka ce ba za su ƙara shiga layi ɗaya da ni ba, tunda abin ya kai haka. Kowa ya zuba wa Baba Garba ido. Ya murza gemunsa, sannan ya ce Iro ya huta da gayya bana, har Allah ya kawo sauƙi. Bai dube ni ba. Kowa ya san ma'anar hutun: wanda bai yi wa mutane ba, ba za a je gonarsa ba.

Bayan kwana biyu, rana ta take, kowa ya shige inuwa, na biyo wata siririyar hanya tsakanin shingayen bini-da-zugu. Garin shiru, ko kukan tsuntsu babu. Sai na ga hayaƙi siriri yana miƙewa sama ba ya karkata. Na matsa. Iya Hansai ce, matar Baba Garba, durƙushe tana hura wuta a ƙarƙashin kara, da kaskon garwashi a gefenta. Can gindin shinge Baba Garba ne zaune, ƙafafunsa a miƙe, hularsa a ƙasa, ƙasa manne a kuncinsa da kunnensa. Idonsa a buɗe amma ba ya kallon komai. Ban taɓa ganin fuskata bayan na faɗi ba. Ranar na gan ta.

Iya Hansai ta ɗago, muka haɗa ido. Ba ta tashi ba. Ta ce:

"Ɗan nan, ka rufa mana asiri, Allah ya rufa maka."

Na tsuguna. Na ce mata, Iya, in ɓoyewa kuke yi, me ya sa kike ƙonawa, ai ƙunar ce take tona magana.

"Jikokina ta nan suke bi ba takalmi," in ji ta. "In bar shi haka?"

Ta gaya mini tun faɗowarsa daga gawo abin ya fara. Kullum tana biye da shi daga nesa da kasko a lulluɓe cikin mayafi. Muka zauna har hankalinsa ya dawo. Ya dube ni, ya dubi wutar, ya gane. Na ɗauka zai ba ni haƙuri. Abin da ya ce shi ne, in aka sani gayyar ta watse, domin babu wanda mayunwatan nan za su bi in ba shi ba, kuma gonaki fiye da ashirin ba a taɓa su ba tukuna. Na san gaskiya ya faɗa. Na ɗauki hularsa na kakkaɓe na miƙa masa, na ce babu wanda zai ji daga bakina.

Innarku kaɗai na gaya wa. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku ta ce na rufa asirin wani da geronmu, sannan ta ari fartanyar kakarku, ita da ba ta taɓa noma ba, ta bi ni gona. Lokacin tana da ciki wata huɗu. Na hana ta, kakarku ta hana ta, ta ce in ba a nome ba me jaririn zai zo ya tarar. Mu biyu muka yi ta fama, muna nome gabas ciyawa tana rufe yamma. Geron ya fara yin rawaya, siriri kamar tsintsiya. A rana ta shida ta zauna a kan kunya ta ce bayanta. Kafin magariba cikin ya zube. Da kuna da wani babban yaya. Wannan ba mu taɓa gaya muku ba, kuma sai da na nemi izininta kafin na rubuta. Sabuwar ƙuna kuwa ba ta daina fitowa ba, mutane suna ganina suna sauya hanya, ni kuma na san ta wane ce, ina wucewa ina yin shiru. Ban san ko daidai na yi ba. Har yau in na auna, wani lokaci ta nan yake rinjaya, wani lokaci ta can.

Ranar gayyar Tanko ina gonata ni kaɗai, ina jin ƙarar fartanyoyinsu a ƙetaren iyaka, da muryar Baba Garba yana cewa a kai bakin kunya. Sai muryar ta yanke a tsakiyar kalma. Fartanyoyin ma suka tsaya. Na miƙe na duba. Maza kusan goma sha biyar sun ja da baya sun yi zobe, kowa da fartanyarsa a hannu, babu mai motsi. A tsakiya geron yana kaɗawa shi kaɗai, alhali ba iska. Abin da ake ji kawai dugadugan Baba Garba suna bugun ƙasa.

Na ajiye fartanya na tsallaka iyaka. Zoben ya buɗe mini da sauri. Na yi masa abin da innarku take yi mini: na juya shi a kan gefensa, na tuɓe rigata na tura ƙarƙashin kansa, na janye fartanyar da ke kusa da fuskarsa. Da jikinsa ya saki, na share masa baki da hannuna. Na ji wani ya yi salati a hankali. Na zauna riƙe da kansa ina kallon ƙafafun mutane, ƙafafun da ban taɓa gani ba in ni ne a ƙasa.

Aka miƙa masa sanda, ba hannu ba, wai ya dafa, aka kai shi inuwa. Nan take wani ya kawo kara, wani ya ruga ya ɗebo garwashi a fasasshiyar tukunya ya miƙa wa Tanko, tunda gonarsa ce. Aka ce ba wurin kaɗai ba, duk kunyoyin da ya birgima a kai sai an ƙone, har da na kusa da su, in ba haka ba duk wanda ya ci geron ya ɗauka. Tanko ya tsaya da wuta a hannu yana kallon geronsa, wanda ya kai gwiwa, kore shar, irin ƙarshe na gidansu. Ya ce, kamar da kansa yake magana, geron nan fa shi ke nan gare shi. Na ce masa:

"Tanko, na faɗi a gonata ya fi sau goma, ba a taɓa ƙonawa ba. Bara kai ka ci tuwon geron nan a gidana har ka nemi ƙari."

Ya dube ni. Sannan ya ce:

"Miyar ce ta yi daɗi."

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Tanko ya juye garwashin a cikin kwarin kunya, ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe. Ya ce wanda yake tsoron geronsa kada ya ci, shi zai ci.

Tun a wurin aka fara raɗa cewa ni na shafa wa Sarkin Noma, sakayyar barina da ya yi a layin gayya tun farko. Wannan ita ce maganar da ta rayu har ta iso kunnenku. Amma da Baba Garba ya dawo hayyacinsa, ya sa aka kira kowa gindin bishiyar da aka kai shi. Yana zaune, muryarsa a dushe, ya ce duk ƙunar da aka gani tun farkon damina a hanyar arewa da unguwar gabas tasa ce, daga gawo ya samo ciwonsa, kuma ya kori Iro daga gayya yana sane. Wasu sun ji, wasu abin da suke so suka ji. Sai bayan shekaru wani ma'aikacin asibiti ya gaya mini ba a ɗaukar farfaɗiya ko kaɗan, ya ba ni ƙwayoyin da kuke gani ina sha.

Abin da Baba Garba ya ji tsoro kuwa ya faru. Gayyar ta rabu. Rabi suka bi wani, suka yi kwana huɗu suna gardamar gonar da za a fara, wasu gonakin ba a taɓa nome su ba. Ni na cire rai. Ranar Laraba da hantsi ina sunkuye sai na ji takun mutane. Tanko ne a gaba yana cewa shi bai taɓa ganin gonar da ake shuka ciyawa gero ya fito a ciki ba sai ta Iro. Bayansa mutum huɗu. Can baya Baba Garba, da fartanya a kafaɗa. Bai tsaya a bakin gona ya ba da umarni ba. Ya zo ya kama kunyar da ke kusa da tawa. Sauran suka bar kunya biyu tsakaninmu da su, amma ai sun zo.

Muka yi nisa da noma. Ciyawar ta yi saiwa, sai an sa ƙarfi. Geron da ke yamma ya riga ya mutu, na gabas da na tsakiya ne muke ceto, kuma shi ne ya riƙe mu har watan bakwai. Da muka juyo kunya ta uku, Baba Garba, ba tare da ya ɗago ba, ya ce:

"Iro, farfaɗiyar nan, kai kana jin zuwanta?"

Na ce wani lokaci. Wani sanyi ne yake tasowa daga cikina ya nufo wuya, in na yi sa'a ina samun zama.

Ya ce shi ƙarar ruwan sama yake ji, mai yawa, yana tahowa daga gabas a kan ganyen dawa. Ya ce sau biyu yana ɗaga kai da murna. Na dubi sama, fara fat, babu ko ɗigon girgije.

"To Baba, in ka ji ruwan, ka taɓa ni."

"Kai ma in sanyin ya taso."

Muka sunkuya. Kafin la'asar mun kai iyaka.